GANUWA BA ƘOFA

Garin Batagarawa yana kudu da birnin Katsina, a kan hanyar Dutsin-Ma. Wanda ya taso daga can zai shiga birni, ta wajen Ƙofar Ƙwaya ya kan ɓullo. A zamanin da ganuwa ce ta kewaye Katsina, doguwa mai kauri, wadda aka gina da ƙasa don tsare mutane daga mahara. Yau yawancinta ya zube, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin kowa: Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yandaka. Mutanen da ba su gina ganuwarsu rufe ruf ba. Sun sani katangar da ta hana abokin gaba shiga, ita ce kuma za ta hana mai gida fita ran da masifa ta same shi a ciki. Saboda haka suka bar ƙofofi, suka kuma sa masu tsaro a bakinsu.

Wannan hikima ta magabata ita ce kan darasin nan, ko da ya ke ba labarin yaƙi za a ba da ba. Labarin wani wasa ne da a ke kira ces, wanda a cikinsa sarki ya kan mutu a bayan ganuwarsa don an mance ba a bar masa ƙofa ba.

Asalin Wasan

Duk yaron da ya tashi a Batagarawa ya saba ganin manya suna dara a inuwar itace bayan an taso daga gona. A kan haƙa gurabu 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin wasansa. To, ces ɗan'uwan dara ne, gama dukansu biyu wasan hankali ne, ba ruwansu da sa'a. Bambancinsu shi ne, a dara 'ya'ya duka ɗaya su ke, amma a ces kowane ɗa da muƙaminsa da irin tafiyarsa, kamar rundunar sarki ta fita fagen fama.

An fara wasan nan a ƙasar Indiya wajen ƙarni na 6. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka koya wurin Farisawa, suka kira shi shaɗaranji. A Bagadaza an yi gwanayensa, irin su As-Suli na ƙarni na 10, wanda har a ke buga misali da gwanintarsa. Larabawa suka kai shi Andalus, ya bazu cikin Turai, inda aka sake waɗansu dokokinsa wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya zama yadda a ke yinsa yau. A ƙasar nan ma ba baƙo ba ne, gama Barebari sun yi nasu iri a Borno, mai suna tsatsarandi, wanda a cikinsa akwai Mai da Ciroma da Kaigama. A 1924 aka kafa ƙungiyar ces ta duniya a birnin Faris, a 1975 kuma Nijeriya ta kafa tata. A watan Afrilu na 2024 wani ɗan Nijeriya, Tunde Onakoya, wanda ya koyi wasan a shagon aski a Ikorodu, ya yi awa 60 yana buga ces a birnin Niyu Yok don tara kuɗin karatun yara marasa galihu.

Allo da Mayaƙa

Allon ces yana da gida 64, fari da baƙi bi da bi. Don kada a ruɗe, kowane gida yana da suna. Layuka takwas da suka miƙe daga ɗan wasa zuwa abokin wasansa an ba su haruffa, watau a, b, c, d, e, f, g, h, ana farawa daga hagun mai fari. Takwas da suka gitta kuwa an ba su lamba, daga 1 zuwa 8, ana farawa daga gaban mai fari. Gidan da layin e ya gamu da layi na 8, sunansa e8 ke nan. Layi na 1 shi ne layin bayan mai fari, layi na 8 kuwa na mai baƙi.

Kowane gefe yana da mayaƙa 16: sarki ɗaya, waziri ɗaya, wanda Turawa ke ce wa sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Hasumiya tana tafiya miƙe, gaba ko baya ko gefe, iyakar inda hanya ta buɗe. Giwa tana bin kusurwa. Waziri ya haɗa tafiyar hasumiya da ta giwa, don haka ya fi kowa ƙarfi. Doki shi kaɗai ke tsallake wani. Dakare gaba kawai ya sani, ba ya komawa baya. Sarki kuwa, duk da girmansa, gida ɗaya tak ya ke takawa, ko ta wace fuska.

In aka kai wa sarki hari, magani uku ne kaɗai. Ko ya kauce zuwa gidan da ba hari, ko a sa wani a tsakaninsa da maharin, ko kuwa a cinye maharin. In duk ukun sun gagara, sarki ya mutu, wasa ya ƙare, komai yawan mayaƙan da suka rage masa. Shi ne Farisawa ke cewa shah mat, watau sarki ya rasa ta yi.

Yadda Sarki Ke Mutuwa a Layin Baya

Tun da farkon wasa, ɗan wasa mai hankali ya kan kawar da sarkinsa daga tsakiyar allo ya kai shi lungu. Akwai taku guda da doka ta yarda a yi don haka: sarki ya taka gida biyu wajen hasumiya, ita kuma ta tsallake shi ta zauna kusa da shi. In mai baƙi ya yi haka ta gefen sarki, sarkinsa zai zauna a g8, dakaru uku suna gabansa a f7, g7 da h7. Waɗannan dakaru su ne ganuwarsa. Hasumiya da waziri da ke tare da shi a layin baya su ne masu tsaro.

Muddin wasa yana da zafi a tsakiya, ganuwar nan tana da amfani ƙwarai. Amma sannu a hankali allo ya kan yi fili, masu tsaro su fita farauta, sarki ya saura shi kaɗai. A nan ne haɗari ya ke. Ga jeri na fari, a ɗora shi a kan allo a duba.

Mai fari: sarki a g1, hasumiya a e1, dakaru a f2, g2, h2.
Mai baƙi: sarki a g8, dakaru a f7, g7, h7.

Mai fari ya tura hasumiyarsa daga e1 zuwa e8. Ina sarkin baƙi zai nufa? Gidan f8 da na h8 duka suna kan layin hasumiya. Gidaje ukun da ke gabansa kuwa dakarunsa ne a ciki, ga shi ba ya cin nasa. Ba mai shiga tsakani, ba mai cin hasumiya. Sarki ya mutu, kuma ba abin da ya tare masa hanya sai ganuwarsa. Dara ta ci gida ke nan. Wannan shi a ke kira kisan layin baya, kuma hasumiya ko waziri ne ke yinsa.

A Ƙidaya Masu Tsaro

Ba kullum a ke samun layin baya wayam ba. Sau da yawa akwai mai tsaro, sai dai bai isa ba. Ga jeri na biyu.

Mai fari: sarki a g1, hasumiya a e1 da e2, dakaru a f2, g2, h3.
Mai baƙi: sarki a g8, hasumiya a a8 da b2, dakaru a f7, g7, h7.

Ƙarfinsu ɗaya, kowa hasumiya biyu da dakaru uku. Amma hasumiyar baƙi ɗaya ta yi nisa da gida. Mai fari ya tura ta e2 zuwa e8. Tilas mai baƙi ya cinye ta da hasumiyarsa ta a8. Sa'an nan ta e1 ta bi sawu ta cinye wannan a e8, sarki ya mutu. Mahara biyu ne suka taso wa gida ɗaya, mai tsaro kuwa ɗaya. Ko da waziri ne a e2 maimakon hasumiya, haka za a yi, a ba da shi ba tare da baƙin ciki ba, gama ba a tambayar abin da aka kashe in dai an kama sarki. Abin lura a nan shi ne ƙidaya: mahara nawa ke duban gidan shiga, masu tsaro nawa ke dubansa.

Mai Tsaro Mai Aiki Biyu

Wani lokaci mai tsaro ɗaya ya isa, amma an ɗora masa wani aiki dabam. Hausawa sun ce ba a gudu ana susar takashi, haka nan hasumiya ba ta tsaron wuri biyu a lokaci ɗaya. Ga jeri na uku.

Mai fari: sarki a g1, waziri a b3, hasumiya a e1, doki a f3, dakaru a f2, g2, h3.
Mai baƙi: sarki a g8, waziri a a6, hasumiya a d8, doki a d5, dakaru a f7, g7, h7.

Mai baƙi yana ganin dokinsa ba abin da zai same shi, tun da hasumiya tana bayansa. Sai kawai wazirin fari ya cinye dokin a d5. In hasumiyar d8 ta sauko ta ci waziri, ta bar layin baya, hasumiyar fari ta faɗa e8, sarki ya mutu. In kuwa ta ƙi saukowa, doki ya tafi a banza. Ashe tsaron da ta ke yi wa dokin na ganin ido ne kawai.

Buɗe Ƙofa

Rigakafi ya fi magani. Maganin kisan layin baya shi ne a tura ɗaya daga dakaru ukun nan gida ɗaya gaba, yawanci na layin h, don sarki ya sami wurin fita. A kan kira wannan gida luft, kalmar Jamusanci, watau iska, kamar a ce an buɗe wa sarki taga ya shaƙata. In aka sake duban jeri na biyu da na uku, za a ga dakaren fari yana h3, ba h2 ba. Shi ya sa mai fari ya iya tura mayaƙansa gaba hankali kwance.

Amma fa buɗe ƙofa ma yana da ƙa'ida. Ta fari, kada a yi gaggawa. Dakare ba ya komawa baya, kuma duk wanda aka tura ya bar gurbi a ganuwa. In abokin wasa yana da mayaƙa da yawa kusa da sarki, gurbin nan zai zama musu hanya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da layuka suka fara buɗewa, hasumiyoyi suna shirin barin gida. Ta biyu, a tabbata ba a tsare ƙofar daga waje ba. Ga jeri na huɗu.

Mai fari: sarki a g1, hasumiya a e1, giwa a d3, dakaru a f2, g2, h3.
Mai baƙi: sarki a g8, hasumiya a b2, dakaru a f7, g7, h6.

Mai baƙi ya buɗe ƙofa a h7, hankalinsa ya kwanta. Amma giwar d3 tana duban h7 ta kusurwa. Da hasumiya ta sauka e8, sarki ya juya wajen ƙofa, sai ya tarar da giwa ta riga ta tsare ta. Ya mutu kamar dai bai buɗe komai ba.

Abin da Ya Faru a Mosko

Kada a zaci 'yan koyo kaɗai ke faɗawa ramin nan. A shekarar 1914, a birnin Mosko, wani gwani mai suna Banstain ya riƙe fari, ya kara da Kapablanka, mutumin ƙasar Kyuba, wanda daga baya ya zama zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927. Kapablanka ya tura wani dakarensa har c3, ya bar shi kamar ba mai kula da shi. A taku na 27 Banstain ya cinye shi da doki. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Aka yi musayar dawaki da hasumiyoyi, allo ya tsaya haka:

Mai fari: sarki a g1, waziri a e2, hasumiya a c3, dakaru a a2, e3, f2, g2, h2.
Mai baƙi: sarki a g8, waziri a b6, hasumiya a d8, dakaru a a7, f7, g7, h7.

Mai fari ya fi da dakare ɗaya, kuma sarakunan biyu duka ba su da ƙofa. Taku na mai baƙi ne. Mai gaggawa zai kai waziri b1 ya kai hari, wazirin fari ya tare a f1, sa'an nan ya sauko da hasumiya d1 yana murna zai ci waziri. Da ya yi haka da ya halaka, gama ya bar nasa gida ba tsaro. Hasumiyar fari za ta faɗa c8, tasa ta komo d8 ta tare, a cinye ta a can, sarkinsa ya mutu.

Kapablanka bai yi haka ba. Ya ajiye wazirinsa a b2, inda wazirin fari zai iya cinye shi kyauta. Amma in wazirin fari ya ci, ya daina duban d1 da e1 da f1, sai hasumiyar baƙi ta sauka d1, sarki ya mutu. In ya ƙi ci, ga wazirin baƙi yana barazana ga waziri da hasumiya gaba ɗaya. In wazirin fari ya koma e1 don ya tsare hasumiyarsa, wazirin baƙi zai cinye ta duk da haka, gama in aka rama, hasumiya ta sauka d1, waziri ya komo e1 ya tare, a cinye shi, sarki ya mutu. In kuwa hasumiyar fari ta koma c2, wazirin baƙi ya kai hari daga b1, wazirin fari ya tare a f1, hasumiya ta tafi. Banstain ya duba duk hanyoyin nan, ya ga ba mafita, ya sallama. Da dakarensa ɗaya yana h3, da takun nan bai yi masa komai ba.

Yadda A Ke Horar da Ido

Sanin abu dabam, ganinsa a tsakiyar wasa dabam. Ido ba ya sabawa sai da maimaici. Ba lalle sai an sayi allo ba. Ana iya zana gidaje 64 a bayan kwali, a rubuta sunayen mayaƙa a kan murafun kwalba. Yara biyu su zauna, ɗaya ya ɗora jeri, ɗaya ya nemi amsa. Kada mai nema ya taɓa komai sai ya faɗi takun duka da baki, nasa da na abokin wasa, har zuwa mutuwar sarki. In ya ƙware, a juya jerin, fari ya koma baƙi, ko a mai da sarki ɗaya lungun. Bayan haka a gusar da abu ɗaya, a matsar da dakare ko a ƙara mai tsaro, a tambaya ko kisan yana nan ko ya ɓaci. Jeri biyar kowace rana ya fi hamsin a rana ɗaya.

A cikin wasa kuwa, kafin ɗan wasa ya ɗaga hasumiya ko waziri daga layin baya, ya tambayi kansa abu uku. Sarkina yana da ƙofa, kuma a buɗe ta ke? Mahara nawa ke iya shiga layina, masu tsaro nawa za su saura? Akwai mai tsaron da na ɗora wa aiki biyu? In ya gama, ya juya tambayoyin nan a kan sarkin abokin wasansa, gama inda ya ga rauni a gidansa, watakila akwai irinsa a can. Yara da yawa sun yi sa'a guda suna tara ganima, suna gab da cin wasa, taku ɗaya ya rushe musu duka. Wanda ya saba da tambayoyin nan uku, da wuya haka ta same shi.

Tambayoyi

1. Don me mutanen da suka bar ƙofofi a jikin ganuwar Katsina? Kawo sunan ƙofa huɗu.
2. Mene ne bambancin dara da ces?
3. Waɗanne magunguna uku ne sarki ke da su in an kai masa hari?
4. A jeri na biyu, in hasumiyar baƙi tana b8 maimakon b2, ya kamata mai fari ya tura hasumiya e8? Ba da dalili.
5. A jeri na huɗu, me ya hana sarkin baƙi fita ta h7?
6. Ɗora jerin wasan Mosko, ka mai da dakaren h2 zuwa h3. In wazirin baƙi ya sauka b2, me mai fari zai yi?
7. Bayyana ma'anar karin maganan nan: (a) Dara ta ci gida. (b) Rigakafi ya fi magani. (c) Kwaɗayi mabuɗin wahala.